Harshe da Tafintansa: Sharhi a Kan Sunayen Harsunan Kwamfuta da Gajartattun Sunayensu a Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umurni da su sun riga masana isowa cikin Hausa. Sunaye irin su BASIC da Python da Java da C++ sun zama abin ji a shirye-shiryen rediyo, abin gani kuma a jaridu da rubuce-rubucen intanet, ba tare da an tsayar da wata ƙa'ida a kan yadda za a rubuta su ko a furta su ba. Saboda haka kowane marubuci yana yin abin da ya fi masa sauƙi. Wani yakan bar sunan yadda ya gan shi a Ingilishi, wani ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji, wani kuma ya ɗauke shi tamkar suna gama-gari ya fassara, har a wayi gari an mayar da Python mesa.

Ba laifin marubutan ba ne su kaɗai. Tun daga ƙa'idojin da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya wallafa a 1912, zuwa aikin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980, abin da ya fi ɗauke hankalin masu daidaita rubutun Hausa shi ne baƙaƙe masu ƙugiya da kuma batun raba kalmomi da haɗa su. Littafin Hausa Metalanguage kuwa, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, fagensa harshe ne da adabi da dabarun koyarwa.

Wannan giɓi yana da waɗanda yake cutarwa. A gari kamar Arikya, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, Hausa ita ce mahaɗar masu harsuna daban-daban a kasuwa da tashar mota. Malamin da aka ɗora wa darasin kwamfuta a irin wannan wuri littafinsa na Ingilishi ne, amma duk inda bayani ya cije, Hausa yake komawa, kuma abin da ya faɗa da Hausar shi ne yake zama a kan yaro. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa an fi ɓata ƙarfi a inda babu matsala, wato wajen neman ma'anar sunayen, an kuma yi sakaci da inda matsalar take, wato bambancin da ke tsakanin harshe da na'urar da ke aiwatar da shi.

2.0 Yadda Sunayen Suka Samu

Wanda ya zo neman tsari a cikin sunayen harsunan kwamfuta zai koma hannu rabbana. Na farko-farko gajartattun sunaye ne. FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, an harhaɗo shi daga gaɓoɓin farko na kalmomin Ingilishi biyu masu nufin fassarar ƙa'idar lissafi. COBOL na 1959 da BASIC na 1964, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka tsara wa ɗalibansu a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, duk wannan hanya suka bi. Daga nan sai aka koma raɗa sunayen mutane, kamar yadda ake sa wa yaro sunan kakansa: Niklaus Wirth ya kira nasa Pascal a 1970 don tunawa da masanin lissafin nan na Faransa, Ma'aikatar Tsaron Amurka kuma ta kira nata Ada, sunan Ada Lovelace ta Ingila. Wasu kuma barkwanci ne kawai. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a wajajen 1972, an kira shi haka ne don ya biyo bayan wani mai suna B. Alamar tarawa biyu da ke jikin C++ kuwa, sunan da aka raɗa a 1983, a cikin harshen C kansa tana nufin a ƙara ɗaya. Shi ma Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, ba daga maciji ya samo sunansa ba, daga wani wasan ban dariya ne na gidan talbijin na BBC mai suna Monty Python's Flying Circus. Ke nan wanda ya fassara shi da mesa ya fassara abin da mai sunan bai nufa ba.

Akwai ma sunan da ƙarancin wuri ya haifa. Charles Moore ya so ya kira harshensa da kalmar Ingilishi mai nufin na huɗu, amma na'urar IBM 1130 da yake aiki da ita ba ta karɓar sunan da ya wuce baƙaƙe biyar, sai ya yar da wasali ɗaya, sunan ya zama FORTH.

Wannan tarihi ya isa ya sa a sake duban wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a azuzuwa, wato tilasta wa ɗalibi ya haddace cikakkun kalmomin da ke bayan kowane gajartaccen suna, kamar dai a nan ilmin yake. Gajartaccen suna yakan rabu da kalmomin da suka haife shi, wani lokaci ma masu shi ne da kansu suke raba su. PHP ya fito a 1995 da ma'anar da ta shafi shafin mutum na kansa a intanet; da aka zo fitowa ta uku a 1998 sai aka bar baƙaƙen nan uku yadda suke, aka sauya musu ma'ana, har baƙin farko ya koma yana wakiltar sunan PHP ɗin kansa. GCC ya fara a 1987 a matsayin mai fassara harshen C kaɗai. A 1999 aka ce baƙin tsakiya ya daina nufin C, sunan ya koma nufin tarin masu fassara, domin ya riga ya ƙunshi harsuna da yawa. Ƙungiyar ECMA, wadda aka kafa a 1961 ta masu ƙera kwamfuta a Turai, ta sanar a 1994 cewa sunanta ya zama Ecma kurum. Haka FORTRAN ya ajiye manyan baƙaƙensa ya koma Fortran daga fitowar da ake kira Fortran 90. Ɗalibin da ya haddace ma'anar farko, daidai ya haddace, amma daidai ɗin wata shekara ce da ta wuce.

Manazarta harsunan Nijeriya bai kamata wannan ya zame musu baƙon abu ba, domin harsunan da suke nazari su ma an yi musu irin wannan alama. A tsarin ISO 639, Hausa tana da ha mai baƙaƙe biyu da hau mai uku. Da aka faɗaɗa tsarin a 2007 don ya game harsunan duniya, sai ga Goemai, wanda ake magana da shi daga yankin Shendam har cikin Jihar Nasarawa, yana ɗauke da ank, wato Ankwai. Mwaghavul yana da sur daga Sura, Tarok yana da yer daga Yergam, Jju kuma yana da kaj daga Kaje. Masu waɗannan harsuna sun daɗe da ajiye sunayen da maƙwabta da Turawan mulki suka san su da su, amma alamar tana nan, saboda ɗakunan karatu da rumbunan bayanai sun riga sun ginu a kanta. Wanda ya ce zai gano sunan harshe daga alamarsa, tsohon suna zai tono, wanda mai yiwuwa masu harshen ba su son ji.

3.0 Gajartaccen Suna a Bakin Bahaushe

Hausa tana da tsohuwar hanyarta ta karɓar gajartattun sunaye, kuma hanyar a bayyane take: takan manta da kalmomin asali, ta mayar da baƙaƙen kalma sosai. N.A. ta zamanin Turawa ta zama En'e, ta sami jinsin mace, ta sami jam'i ta hanyar ninki, En'e-En'e, daidai da joji-joji. D.O. ya zama Di'o. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta zama Nefu a bakin talakawa, duk da cewa tana da sunanta na Hausa, Jam'iyyar Neman Sawaba. Misalin da ya fi kowanne armashi shi ne na NEPA. An kafa hukumar a 1972, aka sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar da sassan rarraba wutarta ga kamfanoni a 2013, amma har gobe idan wuta ta zo Nefa ce ta kawo, idan ta tafi Nefa ce ta ɗauke. Sunan ya tashi daga kan hukuma ya koma kan aikin.

Sai dai ba duk gajartawa ce take shiga baki ba. Ya kamata a rarrabe tsakanin gajartawar baki da gajartawar ido. MDD da ake gani a jaridun Hausa ba mai furta ta a matsayin baƙaƙe uku. Mai karatu yana ganinta sai ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya. Haka S.A.W. da R.A. da d.s. suke, alamu ne da ke tuna wa ido abin da baki zai faɗa cikakke. Abin lura shi ne, waɗanda aka ƙirƙira daga kalmomin Hausa ko na Larabci kusan dukkansu na ido ne, domin kalmar Hausa da baƙi take farawa, tarin baƙaƙe ba wasali kuwa ba ya ba da gaɓa. Waɗanda aka aro daga Ingilishi su ne na baki. Sunayen harsunan kwamfuta suna cikin rukuni na biyu, saboda haka dole baki ya taɓa su, kuma yana taɓa su: p takan koma f, v ta koma b, sai a ji Fayton da Jaba da Fi-Ec-Fi, kamar yadda aka saba jin Fi-Di-Fi a fagen siyasa.

Daga nan ne wasu suke ganin a rubuta su yadda ake furta su, tun da an rubuta kwamfuta da intanet da rediyo. Hujjar tana da ƙarfi a kan sunaye gama-gari, amma ba ta ɗaukar waɗannan. Da farko dai, sunan harshen kwamfuta ba a takarda kaɗai yake aiki ba. Shi ne mutum zai buga wa na'ura ta amsa, shi ne zai nema a intanet ya sami littafi. Ɗalibin da ya san Fayton bai san Python ba an rufe masa ƙofa. Na biyu, Hausa iyakar ƙasa ta ratsa ta. Abin da ake kira ECOWAS a Nijeriya CEDEAO ne a Nijar, kuma sunayen baƙaƙen ma sun bambanta: harshen C a Kano si ne, a Maradi se ne, PHP da ɗan Zariya zai kira Fi-Ec-Fi, ɗan Damagaram da ya yi karatun Faransanci Pe-Ash-Pe zai ce. Rubutu bisa furuci zai haifar da sunaye biyu ga abu ɗaya, alhali taron Yamai na 1980 an yi shi ne don a rage irin wannan rabuwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar sunan da rubutunsa na asali, marubuci ya faɗi furucinsa sau ɗaya a inda ya fara ambatonsa. Wannan ya fi zama dole a kan C, domin wanda ya koyi karatun Hausa da kyau zai ba shi sautin da ke farkon ciki da cokali.

Akwai kuma masu sha'awar ɗafa-ƙeyar -anci, su ce tun da akwai Larabci da Faransanci da Sakkwatanci, me zai hana Javanci? Abin da zai hana shi ne akwai Javanci tun kafin a ƙera kwamfuta: harshen mutanen tsibirin Java ne na ƙasar Indunisiya, mai miliyoyin masu magana. Harshen kwamfutar, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995 bayan ya ajiye sunansa na farko, Oak, ya sami sunan ne ta hanyar gahawar da ake dangantawa da tsibirin. Ɗafa-ƙeyar -anci tana nuna maganar wasu mutane ko ɗabi'arsu, harshen kwamfuta kuwa ba shi da 'yan ƙasa.

Karon sunaye ma ba sabon abu ba ne ga mai karatun Hausa. NNPC a wurin ɗalibin adabi kamfanin ɗab'i ne na Zariya da aka kafa a 1966, a wurin sauran jama'a kuwa kamfanin man fetur ne da aka kafa a 1977. Jami'o'in tarayya da aka buɗe a 2011 sun gamu da irin wannan: ta Lafiya da ta Lakwaja duk FUL za su ba da, sai ta Lafiya ta zama FULafia, ta Dutse ta riƙe FUD, ta Dutsin-Ma ta zama FUDMA. Maganin a kowane lokaci ɗaya ne, a ƙara wani abu a jikin sunan. Haka masu harsunan kwamfuta suke yi, kuma a wannan ƙari ne babbar matsalar take ɓoye.

4.0 Harshe Daban, Tafinta Daban

Harshen kwamfuta ƙa'idoji ne: waɗanne kalmomi ne ake da su, yaya ake jera su, me kowane jeri yake nufi. Na'ura ba ta jin wannan harshe. Dole a sami wani shiri da zai tsaya a tsakani, ya karɓi abin da mutum ya rubuta ya mayar da shi abin da na'ura za ta aikata. Wannan shiri na tsakani shi ne abin da rubutun Hausa bai ba suna ba tukuna, ko kuma yakan kira shi manhaja. Kalmar manhaja kuwa ta riga ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta. Asalinta a makaranta tsarin darussa take nufi, daga baya aka ɗora mata ma'anar duk wani shirin kwamfuta ko na wayar hannu. Idan malami ya ce BASIC ya daɗe a cikin manhajar kwamfuta ta sakandare, mai sauraro ba zai san ko tsarin darasi ake nufi ko abin da ke cikin na'ura ba.

Hausa tana da kalmar da ta dace, wato tafinta, wadda ita ma daga Ingilishi aka aro ta a zamanin da ake tsayawa tsakanin Razdan da Sarki, kuma daga kalmar da masu kwamfuta suke amfani da ita a yau ga irin wannan shiri. Gaskiya ne a Ingilishi ana rarrabe iri biyu. Akwai mai bin rubutu layi-layi yana aikatawa nan take, kamar tafinta a gaban alƙali. Akwai kuma mai fassara rubutun gaba ɗaya tukuna ya miƙa wa na'ura kammalalle, kamar yadda Hukumar Fassara ta juya tarihohin Larabci zuwa Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, aka buga, mai karatu bai sake bukatar mai fassara ba. Amma shirye-shiryen yau da yawa suna haɗa hanyoyin biyu, don haka kalma ɗaya ta wadatar, a ƙara mata bayani inda ake bukata: tafinta mai bi layi-layi, tafinta mai fassarar gaba ɗaya.

Da an sami wannan kalma sai sunaye da yawa su faɗa wurarensu. Python harshe ne. CPython tafintansa ne da aka rubuta da harshen C, kuma shi ne wanda mafi yawan mutane suke sakawa a na'urorinsu suna cewa sun saka Python. Jython wani tafintan ne da ke aiki a kan dandalin Java, wanda ya fara da sunan JPython a 1997. Akwai PyPy, akwai IronPython, akwai MicroPython na ƙananan na'urori. Ana iya cewa ɗafa-goshin C ko J yana nuna mazaunin tafinta, kuma harshen Ruby ma yana da JRuby, sai dai ƙa'idar ba ta da nisa. Cython, wanda baƙi ɗaya ya raba shi da CPython, wani abu ne daban, domin yana da ƙarin ƙa'idojinsa a kan na Python. JavaScript kuwa, wanda siffar sunansa take nuna kamar ɗan gidan Java ne, dangantakarsu ba ta wuce ta Gwari da Gwandara ba: farkon suna ɗaya, amma Gwandara 'yar'uwar Hausa ce ta kusa a cikin dangin Cadi, Gwari kuwa, wato Gbagyi, daga wani dangi ya fito. Brendan Eich ya tsara harshen a kamfanin Netscape a 1995, aka kira shi Mocha, sannan LiveScript, sannan JavaScript saboda Java yana tashe a kasuwa. Da yake sunan mallakar kamfanin Sun ne, daga baya ya koma hannun Oracle, sai Microsoft ya kira nasa JScript a 1996, daidaitattun ƙa'idojin harshen kuma aka buga su a 1997 da sunan ECMAScript. Tafintocinsa su ma kowanne da sunansa: SpiderMonkey da V8 da JavaScriptCore. Babu abin da zai nuna wa mai karatu daga siffar waɗannan sunaye wanne ne harshe, wanne ne tafinta, wanne ne daftarin ƙa'ida.

Tun da sunan ba zai faɗa ba, nauyin ya koma kan jimlar Hausa, kuma jimlar Hausa tana da kayan aikin. Tsarin sarauta ya riga ya koya wa harshen yadda ake raba muƙami da mai riƙe da shi. Sarkin Lafiya muƙami ne. Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1974 zuwa 2019, mutum ne. Sarkin Lafiya Sidi Bage, wanda ya gaje shi, wani mutum ne. Jerin shi ne muƙami, da mahaɗin -n, da ƙasa, sannan sunan yanka ba tare da mahaɗi ba. A bisa wannan sai a sami:

harshen Python
tafintan Python
tafintan Python CPython
tafintan C Clang

Abin da ya kamata a guje wa shi ne tafintan CPython, domin mahaɗin zai sa a fahimci cewa CPython harshe ne mai nasa tafintan. Idan za a ambaci tafinta shi kaɗai, sai a ce tafinta CPython, kamar Sarki Abbas. Kwatancen yana da iyaka, domin gadon sarauta mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci ɗaya, harshe kuwa yana iya tara tafintoci goma a zamani guda, amma ginin jimlar bai damu da wannan ba.

Wannan tsari yana kuma warware rikicin jinsi. Gajartattun sunayen ƙungiyoyi sukan ɗauki jinsin kalmar da ke ɓoye a bayansu, shi ya sa ake cewa BBC ta ruwaito, NEPU ta ƙi. A sunayen harsunan kwamfuta kuwa kunne yakan bi wasalin ƙarshe, sai a ji Java ce, Ada ce, amma Python ne, wani ma ya ce Python ce don yana tunanin manhaja. Idan kalmar harshe ta zo a gaba, dirka da wakilin suna duk sun sami abin bi: harshen Java ne, ya fito a 1995.

Za a iya tambaya, me ya sa ba za a kira tafinta karin harshe ba, tun da kalmar tana nan, masana kuma sun saba da ita? Dalili shi ne tafintoci biyu suna iya jin harshe ɗaya ba tare da bambancin ko kalma ɗaya ba, kamar GCC da Clang idan aka ba su rubutun da ya bi daidaitaccen C na 1989 ko na 1999. Amma kalmar kari tana da wurinta, kuma BASIC ne babban misali. Bayan na Dartmouth, kamfanin Microsoft ya fara kasuwancinsa da Altair BASIC a 1975, ya fitar da GW-BASIC a 1983, da QBasic da Visual Basic a 1991. Kowane tafinta ya zo da nasa ƙari, har rubutun da ya yi aiki a wannan ya ƙi yi a wancan: GW-BASIC yana bukatar lamba a farkon kowane layi, QBasic bai damu da ita ba. A nan tafinta ya haifi kari. Ɗalibin da aka koya wa ɗaya aka ce masa BASIC ne kawai, ya je ya tarar da ɗayan, zai ɗauka kansa ne bai ja ba, alhali ba a gaya masa ba ne cewa sunan da ya haddace sunan dangi ne.

Alaƙar harshe da babban tafintansa ta yi kama ƙwarai da alaƙar Daidaitacciyar Hausa da Kananci. A kan Kananci aka gina ta, har mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya, amma Bakano yakan ce malan da mutun, ƙa'idar rubutu kuwa malam da mutum ta sani. Python ba shi da daftarin ISO irin na C, saboda haka CPython ne madubin da sauran tafintoci suke dubawa, kuma ɗabi'arsa takan rikiɗe ta zama doka. A fitowa ta 3.6, a 2016, ma'ajiyar bayanai da ake kira ƙamus ta fara riƙe abubuwa bisa jerin da aka zuba su. A lokacin an bayyana cewa wannan ɗabi'ar CPython ce kawai, kada a dogara da ita. A fitowa ta 3.7, a 2018, aka mayar da ita ƙa'idar harshen da ta hau kan kowane tafinta. Marubucin da ba shi da kalmomi biyu ba zai iya ba da wannan labari da Hausa ba, domin zai ce Python ya yi abu a 2016, sannan Python ya sake yin abin a 2018.

5.0 Lambar Fitowa da Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Lambar da ke bin suna ita ma ɓangaren suna ce, ko da yake marubutan Hausa sukan yar da ita. Wani lokaci shekara take nunawa, kamar a Fortran 77 da C99, wani lokaci jerin fitowa, kamar a Python 3. Takan kuma yi ƙarya: Perl 6 ya yi nisa da Perl 5 har ya zama wani harshe, sai da aka sauya masa suna zuwa Raku a 2019, tafintansa kuma Rakudo.

Ga mai rubutu da Hausa, wannan lamba ita ce take yanke hukunci a kan baƙaƙensa. A Python 2, sunan da mai rubutu zai raɗa wa wani abu a cikin shirinsa dole ya tsaya a kan baƙaƙen Ingilishi da lambobi, saboda haka ƙafa da kafa, ko ɗaki da daki, suna ɗaya za su zama. Python 3, wanda ya fito a 2008, ya buɗe ƙofa ga baƙaƙen Unicode, inda ɓ da ɗ da ƙ suke da gurabensu. Yaron da ya rubuta ƙidaya a matsayin suna, tafintan Python CPython na fitowa ta 3 zai karɓa ya yi aiki. Idan tsohuwar na'urar makarantarsu tana ɗauke da na fitowa ta 2, wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, saƙon kuskure zai fito a kan layin da ƙ ɗin yake.